Askin Cikin Ruwa

Shekara ashirin ina aski a Zango,
na san ƙeya mai tudu, na san gemu mai gardama,
amma ban taɓa gamuwa da kai mai taurin
dutsen da yayana Barma ya bar mini cikin gilas ba.

Daga Kwatano ya taho da shi a bayan tirela,
kwana huɗu, naɗe da bargo kamar mai jego.
Ya ce, teku ce, loma guda na yanko muku.
Damagaram ta yi layi a ƙofar shagona:
garin da ake raba dare wajen jiran famfo,
ga wani ya kawo ruwan da ba a sha.

Kifi uku, biyu ruwan lemo da farar ɗamara,
ɗaya shuɗi, mai fushi da kowa.
Da murjani mai rai.
Inna Cima ta dafa wuyanta, ta ce,
ashe abin da na rataya ranar bikina
can gidansu numfashi yake?

Barma ya kwanta dama bayan babbar salla.
Ba a yi arba'in ba gashin ya tsiro,
kore, laushi, kamar sajen yaro ɗan sha biyar.
Na yi masa murmushi. Kuskurena ke nan.
Kafin wata ya kama, gansakuka ta yi kitso,
ta rufe dutse, ta shaƙe murjani,
tana kaɗawa cikin ruwa kamar mai rawa a gidan makoki.

Aska ba ta shiga nan, gishiri zai cinye ta.
Burushin haƙori nake naɗawa, in murɗa, in ja,
tiyo a ɗaya hannun yana zuƙe abin da ya tsinke,
don sili ɗaya in ya tsere, gobe gona ne.
In yi mata ƙwal ranar Juma'a,
Laraba ta dawo tana tambayar canji.

Na rage wa fitila awa huɗu.
Na rataya tsohon zanen Inna a taga.
Na daina zuba ruwan ga-ruwa,
Habsu ta farmasi ke tace mini jarka biyu a mako,
tana cewa, ko majinyatana ba su kai kifinka gata ba.
Na aika aka kawo dodon koɗi takwas daga bakin teku,
biyar suka mutu tun kafin Maraɗi,
ukun da suka iso suna kiwo kamar ba a biya su ba.
In an ɗauke wuta, da ludayi nake motsa teku
har asuba.

Gashi dai na fitowa.

Nuri, ɗan Barma, shi ya buɗe littafin ubansa,
faransanci da lambobi, da tabon kofin shayi.
Ya bi layi da yatsa, ya ɗago ya dube ni:
Baba, sau nawa kake ba su abinci?
Na ce, duk sanda suka zo bakin gilas.
Ya ce, ai kullum suna bakin gilas.

Na yi shiru.
Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta,
in na tuna shi sai hannuna ya tafi gwangwani.
Abin da kifi ya bari, shi ciyawar ke ci.
Ni nake shuka abin da nake cirewa.

Yanzu sau ɗaya, bayan la'asar, ɗan tsunkule,
in ƙirga talatin, in rufe gwangwani, in juya baya.
Suna bina da ido. Ina jin idon a ƙeyata.

Jiya na ga wani gefen dutse ya yi sanƙo,
faɗin dala, ba ƙari,
murjani ya miƙo ƴan yatsunsa ta wurin.
Malam Gambo na kan kujera, rabin kansa da kumfa,
ya ce, wanzami, ni fa?
Na ce, yi haƙuri, akwai wanda ya riga ka.